Ranar da Muka Ceci Kifin Merv

Kowace ƙungiyar masu tattakin daji tana da mutum biyu da ba a tafiya sai da su: jagora a gaba, da mai gadin baya. Ni ce mai gadin baya a ƙungiyarmu ta Kettle Bay, sunana Noelene. Aikina shi ne kada kowa ya rage a bayana, ko mai ɗaure takalmi ne ko mai neman bayan bishiya. Shekara da shekaru ina kallon ƙeyar mutane, har na iya gane mai ƙarya tun daga baya. Ƙeyar da na fi sani kuwa ita ce ta maƙwabcina, Merv Tuckwell.

Merv mai gyaran famfo ne da ya yi ritaya, amma bakinsa bai bi shi ritayar ba. In ka ce ka ga maciji, shi ya taɓa kama uban macijin da hannu. In kuwa zance ya zo kan kifin whale, giwayen tekun nan da ke wucewa ta gaban garinmu kowace shekara, to ka nemi wurin zama. Ya ce tun daga kan gado yake jin warinsu. Ya ce akwai wata tsohuwa a cikinsu da ke ɗaga masa wutsiya duk lokacin da ta hango hularsa.

"Ni ma da ina da wutsiya ita zan juya maka," in ji Dot Hanrahan, tsohuwar direbar motar 'yan makaranta. Ta haura tamanin, kuma ita kaɗai ce ke iya taka masa burki.

A shekarar da abin ya faru ne Glenys Pardoe ta shigo ƙungiyar. Mijinta ya rasu, ta sayar da gonarsu ta alkama da ke can bayan duwatsu, ta dawo bakin teku da buri guda, wato ta ga kifin nan da idonta. Sa'a kuwa ta ƙi ta. A garinmu in aka hango shi kusa da gaɓa sai a busa jiniya, kowa ya ajiye abin da yake yi ya sheƙa. Ranar farko Glenys na wurin gyaran gashi, kanta a cikin injin busarwa. Wata ranar tana kan kujerar likitan haƙori. Duk lokacin da ta iso, sai ta tarar da ruwa kwance da mutane suna cewa ai yanzun nan ya nutse.

Merv ya mato a kanta tun ranar da ya fara ganinta. Ya yi mata maganar aure, ta yi dariya ta miƙa masa biskit. Ya sake yi, ta ce ya bari ta yi tunani. Rannan muna shan shayi a ɗakin taron ƙungiya, sai ya miƙe a gaban kowa ya ja wandonsa sama.

"Glenys, ranar Asabar ni zan ja tafiya zuwa Kan Dutse. A can zan nuna miki kifin nan. In na nuna miki, ki ba ni amsar tambayata. In ban nuna miki ba, kada ki ƙara amsa gaisuwata."

"Merv, sati biyu ke nan ba wanda ya ga ko ɗaya," na ce masa. "Iska ta kora su can tsakiyar teku."

"Ba wanda ya ga ko ɗaya saboda ba ni na je duba ba."

Glenys ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ta yarda. Dot ta ce ita shaida ce, kuma ba ta mantuwa.

Abin da ya biyo baya, daga bakin ƙanensa Clarrie muka ji shi bayan komai ya lafa. Ni dai na kwana uku ina jin ƙarar zarto ta katanga, na ɗauka akurkin kaji yake yi. Ashe Merv ya leƙa teku ranar Talata, ya ga babu ko kifin gwangwani, sai ya yanke shawarar ya ƙera nasa. Ya raba wani baƙin tankin ruwa na roba gida biyu, ya kifa rabin a kan tsohon kwalekwalensa. Ya yanka wutsiya daga tayar tarakta, ya ɗiga farin fenti nan da can. Ya sa ƙaramin inji a baya, ya sa famfon ban-ruwa da bututunsa ya leƙo ta sama. Ya kafa kujera a ciki, ya yi murfi a sama. Saura mai zama.

Clarrie mutum ne marar magana, wanda tun yana yaro bai taɓa ce wa yayansa a'a ba. Ko kan gada ya hau sai kansa ya juya.

"Yaya, ni fa ban iya ruwa ba."

"Wa ya ce ka yi ruwa? Zama za ka yi. Ka laɓe a bayan tsibirin nan na gaban Kan Dutse, ka riƙa leƙe ta wannan huda. Da tsakar rana za mu iso. In na ɗaga jan tawul, ka fito. In na kaɗa shi, ka fesa ruwa. In na ci gaba da kaɗawa, ka ɗan matso, don idon Glenys ba na nesa ba ne. In na ajiye shi, ka koma."

"Me ya sa sakatar murfin take a waje?"

"Don kada ruwa ya shiga. Ni ne mai famfo ko kai?"

Da sassafen Asabar Merv ya jawo kwalekwalen, Clarrie na ciki, da jirgin ruwan wani abokinsa, ya ajiye shi a bayan tsibirin da filas ɗin shayi, ya danna sakata, ya dawo ya tarar da mu a bakin hanya yana fito.

Mu goma sha wani abu ne muka fita. Watan Oktoba ne, lokacin da hankakan garinmu ke da 'ya'ya a sheƙa, ba sa son ganin kan mutum ya gitta. Don haka kowa ya sa hularsa mai zanen idanu a ƙeya, tunda ba sa kai sara in suna zaton ana kallonsu. Dot ma robar askirim ta kifa a ka, ta zana mata idanu har da gira. Merv kaɗai ne ya zo da kai a buɗe, sanƙonsa na ƙyalli, ga jan tawul rataye a wuya.

"Ina hularka?" Glenys ta tambaye shi.

"Hankakan yankin nan duk sun san ni. Na yi wa iyayensu alheri."

"Ka gyara musu famfo ke nan," in ji Dot.

Muka shiga cikin bishiyoyin turare. Ba mu yi nisa ba Merv ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Ya shaƙi iska, ya nuna wani kurmi a hagu, ya ce akwai ƙaton kangaru namiji a ciki, kowa ya durƙusa kada a yi motsi. Tsofaffi suka durƙusa, gwiwoyi na ƙara. Ni da ke baya na waiwaya, sai ga kangaru uku zaune a hannun dama, suna tauna ciyawa suna kallonmu. Na yi ƙoƙarin yin magana, Merv ya ce in yi wa Allah in yi shiru, kada in kore shi. Da muka gaji ya jefa tsakuwa cikin kurmin, sai wata kaza ta fito. Ta gidan da ke bayan shingen ce.

"Ya tafi," in ji Merv. "Wani ya yi tari."

Da muka kai mararraba, alamar hanya ta nuna dama, Merv ya nufi hagu. Ya ce yanke ne, kakansa ne ya fasa hanyar. Dokar ƙungiya ita ce ba a wuce jagora, ba kuma a rabuwa da shi, don haka muka bi shi. Yanken nan ya kai mu cikin fadama. Daga fadama ya kai mu bakin wani rafi da ya ce a wannan lokacin ruwansa bai wuce idon sawu ba. Ya shiga don ya nuna mana, ruwa ya kai masa ƙirji.

"Idon sawunka a sama yake ashe," in ji Dot.

Muka zagaya ta gada, tafiyar da ta ci mana rabin yini. A can ƙetare Merv ya cire riga don ya matse, Glenys ta ce mene ne wannan a bayansa. Matsattsaku ne guda huɗu, sun sha sun yi luhu-luhu. Ya ce da gangan yake barinsu, suna rage masa hawan jini. Yana faɗar haka ya leƙa ya ga wani a kan tumbinsa, sai da muka zaunar da shi muka yi masa fifita. Yana zaune ana zuba masa gishiri a baya, wani ƙaton guza ya sauko daga bishiya a natse, ya ɗauki burodinsa mai naman kaza, ya koma inda ya fito.

Duk wannan bai dame shi ba kamar agogo. Ina bayansa ina ganin yadda yake duba hannunsa, ƙeyarsa ta yi ja. Na ɗauka zumuɗin aure ne. Ban san akwai bawan Allah da ke dahuwa a cikin baƙin tanki tun safe ba, igiyar ruwa na jijjiga shi.

Rana ta karkata sosai kafin mu hau Kan Dutse. Wuri ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Teku shimfiɗe har iyakar gani, ga rairayin gaɓa a ƙasa, ga tsibirin a gaba. Kowa ya ciro madubin hangen nesa. Glenys ta tsaya a bakin shinge ta riƙe nata da hannu biyu.

Merv ya hau wani kututture, ya gyara murya. Ya ce akwai yadda ake kiransu, sirri ne na gidansu. Ya cire jan tawul daga wuya, ya ɗaga shi sama a hankali. Can sai ga wani baƙin abu ya leƙo daga bayan tsibirin. Ya kaɗa tawul, ruwa ya tashi sama fari fat.

Glenys ta ce, "Allah sarki," ta sauke madubin ta share ido, ta sake ɗagawa. Ni kaina tsigar jikina ta tashi. Har Dot ta rasa ta cewa, abin da ban taɓa gani ba.

Da Merv ya ajiye tawul a nan, da yau wani labarin nake ba ku. To amma kututturen da ya hau yana ƙarƙashin bishiyar wani hankaka. Tsuntsun ya duba ƙasa ya ga kawuna duk da idanu a ƙeya, sai guda ɗaya tal mai sheƙi. Ya sauko ya kai masa sara. Merv ya kai duka da tawul. Hankaka ya zagayo ya sake, matarsa ta shigo faɗan. Merv ya dira daga kututture yana gudu a bakin shinge, yana wulwula jan tawul a sama kamar mai korar ƙudan zuma.

Clarrie kuwa yana leƙe ta huda. An ce masa in ana ta kaɗawa ya matso, don haka ya matso. Tawul bai tsaya ba, shi ma bai tsaya ba. Yana tahowa yana fesa ruwa, har ya shiga wurin da masunta ke saka tarkon ƙaguwa. Igiyar wani tarko ta naɗe farfelar injin, inji ya mutu. Kifin Merv ya juya gefe, ya fara bin igiyar ruwa zuwa gaɓa, yana jan doguwar igiya da jar robar alama a bayansa.

"Igiya ta ɗaure shi," in ji wani daga cikinmu. "Ku duba wutsiyar, ko motsi ba ta yi."

"Yaro ne ma," in ji Glenys. "Ina uwarsa?"

Merv ya dawo yana haki, jini na ɗiga a sanƙonsa. Ya dubi teku, na ga ƙeyarsa ta koma fara.

"Ba komai," ya ce. "Wasa yake. Suna son wasa da igiya. Mu kama hanya, yamma ta yi."

"A kira masu ceto," in ji Dot.

"Babu sabis a nan," in ji Merv.

"Akwai a kan benci."

Kowa a Kettle Bay ya san bencin nan na Kan Dutse, wanda in ka tsaya a ƙarshensa na hagu waya ke shiga. Mutum biyu suka ɗaga Dot suka ɗora ta. Ba a jima ba muka ji jiniya na kuka daga gari, ba irin ta a zo kallo ba, doguwar nan da ba ta yankewa.

Mu mutanen bakin tekun nan, a taɓa mana komai ban da kifin nan. In ɗaya ya maƙale a gaɓa, mai shago kan bar shagonsa a buɗe, limamin coci kan bar huɗuba. Kowane gida na da bokitai da tsofaffin zannuwan gado da aka ware don ranar. Tun muna yara aka koya mana: a rufe shi da jiƙaƙƙen zane, a yi ta zuba ruwa, kada a zuba a hancin, kada a yi hayaniya.

Merv ya san haka sarai. Ban taɓa ganin mai shekara saba'in ya sauka dutse da irin wannan gudun ba. Kafin mu kai ƙasa ya riga ya shiga ruwa, ya yaye ledar shimfiɗar wasu masu shan iska da tawul ɗinsu ya lulluɓe kan kifin. Motocin gari na tsayawa, ya tare mutane da hannu biyu.

"Kada kowa ya matso tukuna. Ku miƙo zannuwa, ni zan shimfiɗa. Fatarsa ba ta son hannun mutum, ciwo take yi."

Jami'ar gandun daji, wadda ita ce ta san aikin, tana can wani gari, an ce sai ta yi tafiyar awa guda. Don haka aka bar wa Merv ragama. Ya lulluɓe abin nan tun daga kai har wutsiya, zane a kan zane, mai fure da mai ratsi, har da labulen wani. Bututun kaɗai ya bari, shi ma ya naɗe shi da rigar matashin kai. Sannan aka yi layi tun daga cikin ruwa, bokiti na bin hannu. Mai gidan burodi ya kawo shayi. Yara suka tsaya a gefe suna kuka.

Glenys ta shiga ruwan nan mai sanyin ƙanƙara har ƙugu, da takalmanta da komai. Ta rungumi kan kifin, ta kwantar da kumatunta a kan zane, tana rera masa waƙar da take yi wa shanunta in haihuwa ta yi musu gardama. Daga ciki aka ji wani dogon nishi.

"Yana jin ki," in ji wata mata.

Sai kuma aka fara bugu daga ciki, dum, dum, dum.

"Noelene, zo ki ji," in ji Glenys, hawaye na zuba. "Bugun zuciyarsa."

Na kara kunne. Na ji bugun, na kuma ji warin fetur da na amai. Na ɗago na dubi Merv. Ya kawar da kai, ya shiga ba mutane umarni da ƙarfi. Ya ce ruwa ya fara janyewa, ba za a jira jami'a ba, a yanke igiyar a tura shi teku yanzu. Maza suka yi layi suka kafa kafaɗa.

A nan ne Glenys ta kama hannun rigarsa.

"Merv, na ɗauka baki ne kawai da kai. Ka yafe mini. Na ga yadda ka sauko dutsen nan. Tambayar da ka yi mini, na yarda."

Mutanen da ke kusa suka yi tafi a hankali, don kada a firgita kifi. Merv ya ce bari ya duba numfashin kifin. Ya sunkuya a kan bututun, ni kuwa ina dab da shi riƙe da bokiti.

"Clarrie," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka daina bugun nan. Za mu ɗan tura ka, anjima in zo da jirgi in ɗauko ka."

Wata siririyar murya ta fito daga bututun. "Yaya, ruwa ya kai mini cibiya."

"To kunna famfo mana."

Famfo ya tashi. Ruwa ya yi sama da rigar matashin, ya sauko wa Merv a fuska. Jama'a suka ɗauki murna, ana cewa ya farfaɗo. Sai famfon ya yi tari sau biyu ya mutu, batir ya ƙare.

"A tura," in ji mai gidan burodi.

Aka tura. Kifin ya saki yashi, ya fara lilo, ruwa na jansa waje. Daga gaɓarmu kuwa in ruwa ya ja ka, ba ka da masauki sai ƙasar New Zealand. Glenys na biye da shi, ruwa ya kai mata ƙirji, kunnenta na kan zane. Can ta ɗago.

"Zuciyar ta tsaya."

Na zuba wa ƙeyar Merv ido. Ya dubi Glenys, ya dubi teku, ya sake duban Glenys. Gaba kura, baya sayaki. Sai ya yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro, ya faɗa ruwa, ya kama zannuwan ya dinga yayewa yana jifa. Mai fure ya tafi, mai ratsi ya tafi, labule ya tafi. Ga baƙar roba ta bayyana, ga ƙusoshi, ga sakata. Ya zare ta ya ɗaga murfin.

Clarrie ya miƙe a hankali. Fuskarsa ta yi kore, ruwa na zuba daga aljihunsa, yana rungume da filas. Ya dubi rabin mutanen garin da ke tsaye da bokitai, ya ce, "Sannunku."

Ana jin ƙarar igiyar ruwa kawai. Ko a nan Merv bai saduda ba. Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannu.

"Ya haɗiye shi," ya ce. "Kun ga abin da nake gaya muku game da kifayen nan."

"Annabi Yunusa ma ba a sa masa sakata ba," in ji Dot daga bakin gaɓa, robar askirim na kanta. "Clarrie, da kujerar ya haɗiye ka, ko a ciki ka same ta?"

"Yaya ne ya sa mini ita," in ji Clarrie.

Dariyar da ta tashi, ina jin har a gari an ji ta. Mai gidan burodi ya zauna daɓas a cikin ruwa. Mai tarkon ƙaguwa ya zo yana tambayar wa ya yanke masa igiya, aka nuna masa Merv da bokitai. Matar da aka ɗauko labulenta ta ce a nemo mata shi ko a teku ne. Daidai nan jami'ar gandun daji ta iso da motarta cike da kayan aiki, tana tambaya ina kifin, yana numfashi kuwa? Aka ce mata yana can yana shan shayi a cikin bargo.

Glenys kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta fito daga ruwa a hankali, leɓɓanta sun yi shuɗi don sanyi. Na yafa mata rigata, kuma gaskiya tausayinta ya hana ni jin daɗin dariyar. Merv ya biyo ta yana ɗiga.

"Glenys, ki bari in yi miki bayani. Asalin tsarin ba haka yake ba, hankakan nan ne..."

"Na yi wa tankin ruwa waƙa, Merv," ta ce. "A gaban gari. Kuma har cikin raina na so shi."

Ta gyara rigar a kafaɗarta, ta ci gaba.

"Da ka bari an tura ƙaninka, da ko kallonka ba zan ƙara yi ba. Ka buɗe, na gani. Amma amsar da na ba ka, ta mai kifi ce, kai kuwa mai tanki ne."

Ta wuce ta shiga motar Dot. Har ƙarshen shekarar nan Merv na gaishe ta a kasuwa, tana duba farashin tumatir. Sai da kifayen suka dawo a shekara ta gaba ta aika masa da saƙo ta bakina. Ta ce kullum da safe tana zama a bencin Kan Dutse. In yana so ya zo ya zauna. Ranar da ya iya zama da ita tun daga fitowar rana har agogon coci ya buga sha biyu bai ce uffan ba, ranar za ta sa a buga katin biki.

Tun daga lokacin Glenys ta ga kifayen nan har ta daina lissafi. Merv kuwa bai taɓa fashi ba, da hularsa mai idanu a ƙeya. Wata rana jirgi ne zai wuce ya faɗi sunan mai shi. Wata rana gajimare ne zai ce na ruwa ne. Glenys sai ta rufe filas ɗinta ta ce sai gobe.

Bana, a makon ƙarshe kafin su gama wucewa, ya kusa. Ina wurin, ni da Dot, muna bayan benci. Ya zauna tun asuba ya cije leɓe, gumi na bin ƙeyarsa. Rana ta hau, saura ƙiris agogo ya buga. Sai ga wata uwa da ɗanta sun taso dab da dutsen. Uwar ta fito da jikinta gaba ɗaya daga ruwa, ta juya a sama, ta faɗo da ƙarar da muka ji a ƙafafunmu. Ɗan ya gwada nasa, ya faɗi a kaikaice. Glenys ta miƙa hannu ta kama na Merv, ta riƙe gam.

"Ai na san a nan za ta fito," in ji Merv.

Agogon coci ya fara bugawa. Glenys ta saurare shi har ya gama, sannan ta saki hannun, ta zuba masa shayi a murfin filas ta miƙa masa.

"Sai baɗi, Merv," ta ce.